Inji uku, fuska uku: yadda za a dawo wa yaran shago da saurin hannunsu

Wata Hajiya mai shagon sakatariya a nan Maradi ta aiko da tambaya. Kwamfuta uku gare ta, kuma yawancin masu kawo mata aiki ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne da masu son a buga musu takardar neman aiki. Ta sayo inji ɗaya daga Kano, ya zo da Windows 11. Sauran biyun tsofaffi ne: ɗaya yana nan da Windows 10, ɗayan kuma ɗan ƙanenta ya sa masa Linux Mint, wani tsari dabam da Windows, don an ce musu Windows 10 ya ƙare. Tun daga nan, in ji ta, aiki ya ja baya. Yarinyar da ta fi kowa saurin hannu yanzu sai ta tsaya tana lalube a ekaran, yaran kuma suna rububin tsohon injin su bar sauran. Tana tambaya: ta mayar da duka ukun Windows 10 ne, ko ta sa a saka musu manhajar da ke dawo da tsohuwar fuska? Kuma sai yaushe za su saba?

Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya sa wa shago albarka. Shawarata ita ce kada ki mayar da su baya, kada kuma ki bari a lulluɓe sabon injin da fuskar tsoho. Abin da ya kashe wa yaranki hannu shi ne inji uku a ɗaki ɗaya, kowanne da inda ya ajiye kayansa, yaro kuma yana tashi daga wannan ya zauna a wancan tun safe har la'asar. Idan aka daidaita ukun a kan abubuwa ƙalilan, sannan aka ɗauke hannu aka daina taɓa su, saurin zai dawo.

Ana cewa sabo turken wawa, amma a aikin buga takarda sabo jari ne. Mai bugun da ta ƙware ba ta duba inda yatsanta zai sauka, idonta yana kan rubutun da take kwafa. Ke ma kin san haka daga madafa: idan aka sauya miki wurin gishiri da muciya da ludayi, girkin ba zai gagare ki ba, amma kowane motsi sai kin tsaya kin duba, tuwon da kike gamawa kafin magariba sai ya kai isha'i. Yarinyarki ba ta manta aikinta ba. Idonta ne aka ɗora wa aikin da hannu ke yi da, shi ya sa take gajiya da wuri. Ina roƙonki kada a yi mata faɗa a kan wannan.

Na fara da kilabiye, wato allon maɓallan rubutu, ko da yake ba ki ambace shi ba, domin a ganina rabin matsalarki a nan take. Injin da ya biyo ta Kano ko Katsina kusan kullum QWERTY ne, tsarin Ingilishi. Wanda ya fito daga Faransa ko Beljiyam ta Kwatano ko Lome AZERTY ne, kuma da shi aka koya wa yawancin masu bugunmu aiki. Tsakanin biyun, A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ya koma gefen L, sannan lambobin layin sama a AZERTY sai an danne Shift suke fitowa. Uwa-uba, é da è da ç da à kowanne yana da maɓallinsa a AZERTY, a QWERTY kuwa babu su. Shagon da yawancin aikinsa da Faransanci ne ba zai yi sauri a kan QWERTY ba, ko wace irin Windows aka sa. Har AZERTY ɗin ma iri biyu ne, na Beljiyam ya bambanta da na Faransa wajen alamomin rubutu, kuma wani lokaci a kan ci karo da QWERTZ na Jamus a cikin kayan gwanjo.

Maganin ba shi da tsada. Ki sayi kilabiye na waje guda uku, iri ɗaya, AZERTY na Faransa, masu ɓangaren lambobi a dama, a jona wa kowane inji ɗaya, har da na Kano. Suri ma, linzamin kwamfuta, ki saya iri ɗaya. Sannan a cikin kowane inji a zaɓi tsarin kilabiye na Faransa, a goge sauran da ke jere a wurin. Gogewar nan tana da muhimmanci, saboda Alt da Shift idan aka danne su tare, ko maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara, suna sauya tsarin kilabiye ba tare da an lura ba. Sau da yawa idan yaro ya ce inji ya haukace, yana buga A yana ganin Q, wannan ne kawai ya faru. Akwai kuma tarkon da ke hana mutane shiga injinsu: an sa kalmar sirri da AZERTY, amma ƙofar shiga tana kan QWERTY. Ana gyara shi a Panneau de configuration, Région, Administration, Copier les paramètres, a sa alama a akwatin Écran d'accueil.

Tunda kusan kowace takardar hukuma da RÉPUBLIQUE DU NIGER take farawa, ga abin da zai yi wa yaran amfani. A Windows, kilabiyen Faransa ba ya ba da babban É kai tsaye, sai a danne Alt a buga 0201 a ɓangaren lambobi, ko a rubuta kalmar da ƙananan baƙaƙe a zaɓe ta a danna Shift da F3 a cikin Word. A Linux Mint kuwa, idan aka kunna maɓallin manyan baƙaƙe aka danna é, babban É ne ke fitowa.

Injin Kano yana da wasu ɓoyayyun bambance-bambance da suka fi launin ekaran tasiri. Idan Word ɗinsa na Ingilishi ne, Ctrl da B ke kaurara rubutu, alhali hannun yaranki ya saba da Ctrl da G na Word ɗin Faransanci. A Excel, SOMME ta zama SUM, kuma alamar da ke raba sassan lissafi takan sauya gwargwadon ƙasar da aka zaɓa a cikin injin. Idan Amurka aka zaɓa, takardar da Word ke buɗewa ba A4 ba ce mai santimita 21 da 29,7, wata ce mai suna Letter, ta ɗan fi faɗi kuma ta fi gajarta, shi ya sa ake buga shafi a ga gefensa bai zauna daidai ba. A mayar da ƙasar Nijar, harshen Windows da na Office su zama Faransanci kamar na sauran. Idan harshen ya ƙi sauyawa, a duba ko Windows ɗin irin mai harshe ɗaya ne, domin akwai irinsa a kasuwa.

Yanzu ga fuskar da kika yi tambaya a kai. Tun Windows 95 maɓallin Démarrer yake zaune a kusurwar hagu ta ƙasa. Da Windows 8 ya fito a 2012 aka cire shi, mutane suka yi ta ƙorafi har aka dawo da shi a Windows 8.1 a 2013. Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, bai cire shi ba, amma ya kai shi tsakiyar layin ƙasa tare da sauran alamomi. Ƙorafin yaranki yana da tushe a ilimi. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya danganta da nisansa da kuma girmansa. Kusurwar ekaran ta fi ko'ina sauƙin samu, don kibiyar suri ba ta wuce ta, ko da ido rufe aka tura ta can za ta tsaya. Tsakiya kuwa sai an auna. Abin da ya ƙara dagula lamarin, duk manhajar da aka buɗe sai jerin ya faɗaɗa, kowace alama ta ɗan gusa, don haka hannu ba ya samun wuri ɗaya da zai riƙe.

Wannan gyara ne na minti ɗaya, kuma Windows ɗin ne da kansa ya ba da dama. A shiga Paramètres, Personnalisation, Barre des tâches, Comportements de la barre des tâches, a mayar da jerin hagu. A wannan shafin a kashe Widgets, waɗanda ba su da aiki a shago sai jawo labarai da cin forfe, a rage akwatin bincike ya zama ƴar alama. Sannan a kafe manhajojin da ake aiki da su kullum a layin ƙasa, kada su wuce biyar ko shida: mai buɗe dosiye, Word, Excel, manhajar shiga intanet, ta sikana. Sharaɗin da na fi ƙarfafawa shi ne jerin ya zama ɗaya a inji ukun. Idan Word ne na biyu a nan, ya zama na biyu a can, a Mint kuma Writer, takwaran Word a can, ya zauna a gurbinsa. Ribar ita ce maɓallin Windows da lamba 2 zai buɗe abu na biyu a jerin, a Windows 10 da 11 da kuma Mint mai fuskar da ake kira Cinnamon, ba sai an kai hannu ga suri ba.

Wani abin da ke ba mutane haushi a Windows 11 shi ne kilik ɗin dama. An taƙaita jerin, yanke da kwafa da liƙawa da sauya suna sun zama ƴan hotuna, sauran kuma an tura su ƙarƙashin layin ƙarshe. Idan aka danne Shift kafin a yi kilik ɗin, tsohon jerin ne ke fitowa gaba ɗaya. Amma ni a nan ba na son a nemi tsohuwar hanya. Wannan dama ce ta yaye yaran daga suri. Ctrl da C, Ctrl da X, Ctrl da V, Ctrl da Z, Ctrl da S, F2 don sauya suna, Alt da Tab don tsallakawa tsakanin tagogi, maɓallin Windows da E don buɗe dosiye, Windows da D don ganin biro, Windows da kibiyar hagu ko dama don raba ekaran gida biyu: duk waɗannan iri ɗaya suke aiki a inji ukun, kuma yawancinsu sun daɗe ba su sauya ba duk da sauye-sauyen fuska. Raba ekaran ɗin nan kaɗai zai sauƙaƙa wa mai kwafar takardar da aka sikana, hoton a hagu, Word a dama. Bambanci ɗaya da na sani zai ba su mamaki shi ne kulle inji: Windows da L ne a Windows, a Cinnamon kuwa Ctrl da Alt da L, kuma ana iya sauya shi a saitin kilabiye ya dace da sauran.

Game da manhajojin dawo da tsohuwar fuska, akwai su, kuma wasunsu aikin kirki ne. Open-Shell kyauta ce, ta gaji Classic Shell wadda mai ita ya daina kula da ita a ƙarshen 2017. StartAllBack da Start11 na kuɗi ne. Wanda ke da injinsa shi kaɗai kuma ya iya gyara idan abu ya lalace, ba ni da ja da shi. A shago kuwa ba na ba da shawararsu. Wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji suna shiga can cikin Windows su sauya yadda layin ƙasa ke aiki, ranar da babbar mizajur, wato sabuntawar Windows, ta sauka sai a wayi gari layin ya ɓace ko ekaran yana ƙyaftawa, ga ɗalibi tsaye yana jiran memuwar ɗinsa. Dalili na biyu ya shafi yaran kansu. Wata rana za su nemi aiki a ofis ko a wata ƙungiya, za a zaunar da su gaban Windows 11 yadda ya fito daga kamfani. Alheri ne gare su su saba da shi a hannunki.

Biro, wato fuskar farko da ake gani idan inji ya tashi, shi ne wurin da na fi samun ɓarna a shagunan sakatariya. Kowa ya gama aiki sai ya ajiye a nan, har alamomi su rufe ekaran. Illar ta wuce wahalar nema. Biro yana zaune ne a ɓangaren C na diski, wurin da ake sharewa idan za a yi wa inji formataj, don haka aikin mutane na shekara guda yana iya tafiya a yini ɗaya. A Windows 11 kuma, idan an shiga da asusun Microsoft, OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, yakan ɗauki biro da Documents da Images ya riƙa tura su intanet. Giga 5 ne kyauta, idan ya cika sai ya dame ki da saƙo, kafin nan kuma forfe ya tafi. Ki sa a buɗe dosiye ɗaya tak mai suna AIKI a ɓangaren D, a cikinsa kowane wata da nasa dosiye, a rubuta shekara kafin wata, kamar 2025-11, don su jeru da kansu. Sunan kowane fishiye ya fara da kwanan wata, sai sunan mai aikin, sai irin aikin. A biro kada a bar komai sai rakursi, wato alamar gajeriyar hanya, na wannan dosiye da kwandon shara. Kowace Juma'a a kwafe AIKI zuwa diski na waje, a kai shi gida.

A kuma kunna Extensions de noms de fichiers a ƙarƙashin Affichage, don a riƙa ganin wutsiyar sunan kowane fishiye. Cutar da ta fi yawo a kile ɗin USB na ɗalibai tana ɓoye dosiyen gaskiya ta ajiye na bogi a madadinsa. Abin da ke da hoton dosiye amma sunansa ya ƙare da .exe ba dosiye ba ne, haka ma wanda ke da ƴar kibiya a gindinsa alhali a cikin kile yake. Kada a buɗe su.

Komawa Windows 10 fa? Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba shi gyaran tsaro na kowa da kowa, shekara goma bayan fitowarsa a Yulin 2015. An buɗe shirin ƙarin wa'adi ga masu injin gida wanda aka sa wa iyaka 13 ga Oktoba 2026. Inji ba ya mutuwa a ranar, yana ci gaba da tashi yana bugawa. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓarakar da ake ganowa daga baya, kuma shagon da kile ɗin jama'a ke shiga dare da rana ya fi kowa buƙatar toshewar. Saboda haka cire Windows 11 daga injin da ke iya ɗaukarsa asara ce. Tsohon naki kuma a gwada shi da manhajar Contrôle d'intégrité du PC. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro a cikin inji, giga 4 na ram, giga 64 na diski, da kwakwalwar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, wato wadda aka fara fitarwa a 2017, ko makamanciyarta ta AMD. Idan ya cika sharuɗɗan, hawan kyauta ne. Idan bai cika ba, a bar shi ya yi bugu da fitar da takarda, amma kada a shiga imel ko wani asusu a kansa. Ki kuma guji Windows ɗin da ake cewa an rage masa nauyi, wanda ake yawo da shi a kile, don ba wanda ya san abin da aka cire ko aka ƙara a ciki. Idan nauyi ne ke damun inji, sauya tsohon diski da mai sauri irin SSD da ƙara ram sun fi kowace dabara.

Ɗan ƙanenki bai yi kuskuren zaɓi ba. Wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara Linux Mint a 2006, kuma fuskar Cinnamon ta samo asali ne daga irin kukan da yaranki ke yi: a 2011 da GNOME 3, wani tsarin fuskar Linux, ya fito ya watsar da tsarin layin ƙasa da aka sani, sai masu Mint suka gina tasu fuskar da ta riƙe shi. Mint 22 ya fito a Yulin 2024, za a ci gaba da kula da shi har 2029, kuma yana tashi a giga 2 na ram, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki. Idan injin ya tsufa sosai, nau'in Xfce ya fi sauƙi. Wurin da na ga an gaza shi ne an ba shi aiki iri ɗaya da sauran, alhali yana da aikin da ya fi su iyawa. Ki mayar da shi ƙofar shago. Duk kile ɗin da aka kawo, a nan za a fara soka shi, domin cututtukan da aka rubuta don Windows ba sa tashi a Linux, kuma dosiyen da suka ɓoye a fili yake bayyana. A ɗauki takardar da ake buƙata ita kaɗai a miƙa wa injin bugu. Shiga intanet, sikana, buga sabuwar wasiƙa ko takardar neman aiki, duk zai yi su lafiya. Yaran su sani cewa a can babu C babu D, kile yana bayyana ne da sunansa a gefen hagu na tagar dosiye.

Memuwar ɗin ɗalibi mai shafi tamanin da teburori da jerin babi kuwa, wanda aka fara a Word, a ƙarasa shi a Word. LibreOffice, takwaran Office a Mint, yana buɗe shi, amma shafuka kan gusa, kuma ɗalibin da malaminsa ya riga ya duba tsarin ba zai yafe wannan ba. Ana rage gusawar idan aka saka salon rubutu na Carlito da Caladea, waɗanda faɗin baƙaƙensu ya yi daidai da Calibri da Cambria, kamar yadda Liberation ya yi daidai da Times New Roman da Arial. A shiga Outils, Options, Chargement/enregistrement, a sa ya riƙa ajiyewa a tsarin Word, don kada a ba mutum fishiyen da zai rasa yadda zai yi da shi. Wanda ya saba da faffaɗan jerin saman Word, wanda ya zo tun Office 2007, zai iya zaɓar Onglets a Affichage, Interface utilisateur. Abin da za a buga kawai ba gyara ba, a ce wa mai shi ya kawo shi a PDF. Imfirimanti kuma a gwada ta a Mint tun kafin a dogara da shi, yawancinsu suna aiki da an jona, amma wasu tsofaffi sai an sha fama.

Ba zan tsallake baƙaƙenmu ba, don katin ɗaurin aure da na suna da takardun yaƙi da jahilci suna zuwa shaguna irin naki, kuma raina yana ɓaci idan na ga an buga ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. A Word, a rubuta 0199 a danna Alt da X, sai ƙ ya fito, idan bai yi ba a gwada Alt da C. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƴ 01B4. Manyansu kuma 0198, 0181, 018A da 01B3. Ba sai an haddace ba: a Insertion, Symbole, Autres symboles akwai Touche de raccourci, inda za a ɗaura wa kowane harafi maɓallin da aka ga dama, sau ɗaya an gama. A Mint, Ctrl da Shift da U, sai lambar, sai Entrée. Windows yana da kilabiyen Hausa nasa, amma a kan QWERTY aka gina shi, don haka zai dawo da ruɗanin da muka kora. Idan harafi ya fito ɗan akwati, salon rubutun ne ba shi da shi, Charis da Andika na ƙungiyar SIL kyauta ne kuma suna da su duka.

Abu biyu da suka shafi zamanmu a Maradi. Idan da wayar hannu kike ba injinan intanet, a shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin a kunna Connexion limitée, don Windows ya rage sauke manyan kaya a ɓoye. Amma a ware rana ɗaya a wata, a kashe shi, a bar mizajur ta sauka, in ba haka ba amfanin zama a Windows 11 ya tafi. Na biyu, ɗauke wuta. Word yana ajiye kwafin ceto duk minti 10, a mayar da shi 2 ko 3 a Fichier, Options, Enregistrement. Injin tebur kuma yana buƙatar ondilar, batirin da ke riƙe shi idan wuta ta ɗauke, musamman ranar mizajur, don kuran ya yanke a tsakiyarta yana iya hana inji tashi. A Mint a kunna Timeshift tun yau, shi ke mayar da tsarin yadda yake jiya idan wani abu ya karkace, sai dai ba ya adana takardun aiki, wannan aikin diski na waje ne.

Sai yaushe za su saba? A abin da nake gani, idan an daidaita injinan kuma ba a sake taɓa su ba, kuka yakan lafa cikin mako biyu zuwa uku, wanda ya fi ƙwarewa a tsohon tsari kuma shi ya fi jin jiki a farko. Abin da ke tsawaita wahala shi ne gyaran yau daban, na gobe daban. A yi gyare-gyaren nan duka a rana ɗaya, ranar da shago ba cunkoso, ba lokacin da ɗalibai ke rububin ajiye memuwar ba. A makon farko kowane yaro ya zauna a inji ɗaya, kada ya yi yawo, kuma gwanar taki ita za a ba na Windows 11, don idan ta kama sauran daga wurinta za su koya. A rubuta maɓallai biyar a ƴar takarda a manna a gefen ekaran, idan sun shiga hannu a cire a manna wasu biyar. Idan rubutun ekaran ya yi wa ido ƙanƙanta, a ɗaga Échelle zuwa kashi 125 cikin ɗari a bar shi a haka. Hoton bango kuwa ki bar musu su sa wanda suke so, mutum yana ƙara kula da injin da yake jin nasa ne.

Don tsarin ya zauna, ki sa a buɗe asusu biyu a kowane inji: na mai iko, wanda ke kaɗai da mai gyaranki kuka san kalmar sirrinsa, da na aiki, wanda ba ya iya saka manhaja. Yaran su riƙa shiga da na aikin.

Kafin a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan a injin Kano, a duba abu biyu. A Paramètres, Comptes, a ga ko asusun wani ne a ciki, na mai shi na farko ko na wanda ya sayar. Idan haka ne, a kwashe aikinki, a sake saka Windows da asusunki. Sannan a Confidentialité et sécurité a nemi Chiffrement de l'appareil. Sababbin Windows 11, musamman daga fitowar da ake kira 24H2, sukan kulle diski da BitLocker da kansu idan an shiga da asusun Microsoft. Kullen yana kare takardun mutane idan aka sace inji, amma ranar da aka sauya wani abu a cikin injin yana iya neman mabuɗi mai lamba 48, kuma wanda ba shi da shi, ba mai gyaran da zai iya fito masa da aikinsa, a Maradi ko a Yamai. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka shiga da shi. Ki sa a buɗe a gabanki, ki kwafe lambobin da hannunki a littafi, ki ajiye littafin a gida, ba a shago ba.